Linzami da Ƙaimi: Gargaɗi ga Masu Riƙe da Baitulmali

Ya ku masu riƙe da baitulmali da Babban Banki da majalisa. Tsarin jari-hujja da ƙasar nan ke kai doki ne mai son gudu. Ƙaiminsa bashi mai araha da kwaɗayin riba, linzaminsa kuwa tsadar kuɗin ruwa da tsuke bakin aljihu. In kun sa ƙaimi kasuwa ta buɗe, a ɗauki ma'aikata, amma farashi ya hau. In kun ja linzami farashi ya lafa, amma masana'antu su fara sallamar mutane. Ba a tauna taura biyu lokaci guda. Kuskurenku na shekara hamsin guda ɗaya ne: kuna sa ƙaimi a gangare, kuna jan linzami a hawan tudu. Don haka ku saurara.

ABIN DA ZA KU YI

1. Ku yi ajiya ranar da kuɗi ke shigowa. A 2004 aka buɗe asusun rarar kuɗin ɗanyen mai, wajen 2008 ya tara kusan dala biliyan 20, kuma shi ya rage wa ƙasar raɗaɗin rikicin tattalin arzikin duniya na waccan shekara. Daga nan aka yi ta rabawa, har a 2022 ko dala miliyan ɗaya babu a ciki. Ƙasar Nowe ta kafa nata asusun man a 1990, ta kuma ƙayyade ɗan abin da gwamnati za ta iya taɓawa duk shekara. Ku ɗaure hannunku da doka irin wannan, domin kun nuna cewa alkawarin baki ba ya ɗaure ku.

2. Ku gane irin tsadar da kuke yaƙa kafin ku zaɓi magani. Akwai tsadar da yawan kuɗi a hannun jama'a ke kawowa, ita ce ƙarin kuɗin ruwa ke kwantarwa. Akwai kuma wadda ke zuwa saboda manomi a Zamfara ya kasa shiga gonarsa, ko saboda kuɗin man da babbar mota ke sha daga Dawanau zuwa Legas. Kuɗin ruwa ba ya korar ɗan bindiga daga daji. Wannan aikin tsaro ne da hanya da wutar lantarki.

3. Ku sa wa bankuna ido tun suna cikin riba. Kafin 2008 bankuna sun yi ta ba da bashi ana sayen hannun jari da shi, har da nasu na kansu, kowa na murna farashi na hawa. Da kasuwar ta rushe, sai da gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a Agustan 2009, aka zuba naira biliyan 420 don ceto su, sannan aka kafa AMCON a 2010 ta kwashi ruɓaɓɓun basussuka. Ribar ta shiga aljihun 'yan tsiraru, asarar ta hau kan kowa.

4. Ku ci bashi don abin da zai biya kansa: madatsar ruwa, layin dogo, tashar lantarki. Bashin biyan albashi da sayen motocin alfarma cin iri ne kafin shuka.

5. Ku faɗi wanda zai ɗauki nauyin kowane mataki, da bakinku, kafin ku ɗauka. In mai albashi ne, ku ce shi ne, ku kuma tanadi abin da zai rage masa zafi tun kafin ranar.

ABIN DA BA ZA KU YI BA

1. Kada ku ɗauki damina ɗaya mai albarka a matsayin dawwamammen arziki. Da farashin mai ya yi tsalle a 1973, aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974 har da ariyas, aka yi odar siminti fiye da abin da tashar Apapa za ta iya saukewa, jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a 1975. Ba a cika shekara goma ba gwamnatin Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu a Afrilun 1982, sai kuma shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986.

2. Kada ku mai da Babban Banki asusun gwamnati. Doka ta ce rancen wucin gadi da zai ba gwamnati kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar bara. Aka yi biris, har ya kai naira tiriliyan 22.7 da majalisa ta mayar bashin dogon zango a 2023. Kuɗin da aka ƙirƙira babu kaya a bayansa, a kwanon awo yake bayyana. Ku je ku tsaya gaban mai shago a unguwa, ku ji yadda yake ce wa maƙwabciyarsa ta shekara ashirin: “Hajiya, ki yi haƙuri, ba na ba da bashi yanzu. In na sayar yau, ban san nawa zan saro gobe ba.”

3. Kada ku ɗura wa majinyaci magunguna masu ƙarfi biyu a lokaci ɗaya. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni. Dala da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamba. Ko da gyaran ya zama dole, jerawa da tazara ma aiki ne, kuma naku ne.

4. Kada ku ja linzami har dokin ya shaƙe. A 2024 kuɗin ruwan Babban Banki ya tashi daga kashi 18.75 zuwa 27.5. Ku dubi mai masana'antar robobi a Sharada, zaune da takarda da biro: banki na neman wajen kashi 30, ga kuɗin dizal, ga haraji, ga albashi. A gefe guda takardun lamunin gwamnati na ba da riba mai tsoka ba tare da ya kunna inji ko ɗaya ba. Lissafi zai ce masa ya rufe ƙofa, ma'aikatansa su koma tuƙa a-daidaita-sahu. Wanda ya ga yadda Kakuri ta yi shiru bayan rufe masaƙun Kaduna ya san cewa injin da ya tsaya ba ya tashi da sanarwa.

5. Kada ku auna ci gaba da alƙaluman da ba su isa tukunya ba. Tattalin arzikin da ke ƙaruwa da kashi 3 a ƙasar da jama'arta ke ƙaruwa da fiye da kashi 2, tafiyar hawainiya ce, bai cancanci biki ba.

6. Kada ku sauya doka tsakar dare. Canjin takardun naira na farkon 2023 ya sa masu kuɗi a banki kwana a layi suna neman dubu biyar, makiyayi kuma ya karya farashin sansa don ba mai tsabar saya. Mai jari na iya jure tsada in ya san gobe, abin da ba ya jurewa shi ne rashin tabbas.

Farashin mai zai sake hawa wata rana, kuɗi zai sake shigowa, masu ba da bashi za su sake yin layi a ƙofarku. Ranar ce za a gane ko kun ji wannan magana, domin jan linzami a lokacin ne ya fi wuya, kuma a lokacin ne ya fi araha ga talaka.