Kiyaye Ƙasar Lambu a Gefen Birni: Darasi Daga Ojo ta Jihar Legas

Idan kana noman lambu a Ojo, ko a gefen barikin soja ko a kan hanyar Iba kusa da Jami'ar Jihar Legas, ka san cewa filin da kake nomawa aro ne ko haya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma aikin faɗaɗa titin Legas zuwa Badagry, wanda aka fara a 2009, ya haɗiye filaye da dama na bakin hanya. Wannan ne ke sa wasu manoma cewa ba su da dalilin wahalar da kansu a kan ƙasar da za a iya karɓewa gobe. Kuskure ne, domin latas da albasa da alayyahon da za ka kai kasuwa a bana daga wannan ƙasa za su fito.

Ƙasar sama ita ce jarinka

Ƙasar Ojo jigawa ce mai yashi da tsami, ga ruwan sama mai ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli da ke wanke taki. Albarkarta duka tana cikin 'yar baƙar ƙasar da ke sama, wadda ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Legas kuwa birni ne mai cin yashi: gini, bulo, da cike fadama. Masu tifa za su yi wa mai fili tayin kuɗi domin su kwashe ƙasa. Ka sani santimita ɗaya ta ƙasar sama tana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ta samu, ramin da aka bari kuma sai kwanciyar ruwa da sauro. Saboda haka, tun ranar karɓar haya ka nemi a rubuta, a gaban shaidu da sarkin Hausawan unguwa, tsawon wa'adi da sharaɗin cewa ba za a ɗebi ƙasa ba muddin shukarka na ciki.

Ka ɗaga kunya sosai, ka rufe ta da busasshiyar ciyawa. Kashin kaji taki ne mai kyau, amma a tara shi ya ruɓe ya huce tukuna. Ɗanye yana ƙone tsiro, yana kuma ɗauke da cuta.

Dalma da ruwan kwata

An daina sa dalma a fetur a Nijeriya tun farkon shekarun 2000, sai dai wadda ta riga ta sauka a bakin manyan tituna tana nan, ba ta ruɓewa. Haka juji mai tsofaffin batura da tokar wayoyin lantarki da aka ƙone. Kada ka ɗebi taki daga irin wannan juji komai baƙinsa. Abin da dalmar wurin haƙar zinariya ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ya isa gargaɗi. Ganye ya fi kwasar ƙura, don haka ka janye latas da alayyaho daga bakin titi, ka sa shingen ayaba tsakani.

Ka yi ban-ruwa da rijiya, ba da ruwan kwata ba. Idan rijiyar tana kusa da rafin Badagry, ka ɗanɗana ruwanta da rani. In ka ji gishiri, ka canza wata.

Kai kuma malamin gona, ka ɗebi samfurin ƙasa daga wurare daban-daban na kowane lambu, zurfin santimita 20, ka gauraya, ka kai a auna tsami da dalma kafin a zuba iri.