Kafin Ka Ce wa Kwamfuta Ta Ƙirga Biyar-Biyar

Masu koyon rubuta manhaja a Parakou da Djougou, da ku nake. A ayyukan ɗaliban da nake dubawa, ba inda ake yawan tuntuɓe kamar madaukin ƙidaya, musamman in ba ɗaya-ɗaya za a ƙirga ba.

Alhali da irin wannan ƙidayar muka tashi. Mai tumatir a kasuwar Arzeke da dala take lissafi, biyar-biyar: dala ashirin sefa 100 ke nan. A Python ana rubuta shi range(5, 101, 5), wato mafari, iyaka, sai taku. Za ta ba ka 5, 10, 15, har 100.

To me ya kawo 101? Python ba ta taka iyakar da ka sa mata, kafin nan take cin birki. Wanda ya fara koyo a allo da Faransanci ya saba lambar ƙarshe tana ciki, sai ya rubuta 100, ƙidaya ta tsaya a 95. Kuma kwamfuta ba za ta ce uffan ba. Wani ɗalibina ya yi wa matan unguwarsu jadawalin adashi, kwana bakwai-bakwai; takarda ta fito tsaf, amma babu ranar mai kwasar ƙarshe. Da ta kai hannun uwar adashi, da an ji su.

In baya za ka yi, sa wa takun alamar ragi: range(100, 0, -5). Ka manta alamar, madaukin ba zai juya ko sau ɗaya ba, shiru kake ji. Takun 0 kam Python na ƙin sa nan take, wannan da sauƙi.

Masu C da JavaScript, ku guji i != 10 alhali takunku 3 ne. Daga 9 sai 12, an tsallake goma, an yi gaba ba tsayawa. Ku sa i < 10. Kada kuma ku yi taku da 0.1: ku tara shi sau goma, 0.9999999999999999 za ku samu, ba 1 ba. Ku ƙirga da cikakkun lambobi, ku raba daga baya.

Don Allah, kafin ka danna komai, ɗauki biro ka rubuta lambar farko, ta biyu da ta ƙarshe da kake sa ran gani, sannan ka gwada da abin da ya fito.