Hukuncin Allurar Sassauta Tsoka Don Ciwon Muƙamuƙi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai saukar da cuta da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wani ciwo da kan sami gaɓar muƙamuƙi, watau mahaɗar da ke gaban kunne inda ƙashin haɓa ya haɗu da ƙoƙon kai. Mai wannan ciwo yakan ji zafi in yana tauna ko hamma, wani lokaci gaɓar ta yi ƙara, wani lokaci baki ya ƙi buɗuwa sosai. Cikin musabbabinsa akwai cizon haƙora cikin barci, da damuwa, da bugu a fuska, da yawan tauna abu mai tauri.

Likitoci sukan fara da abu mai sauƙi: cin abinci mai laushi kamar kunu da fura, rage goro da rake da cingam, gasa wurin da tsumma mai ɗumi, shan maganin zafi, da robar da likitan haƙori kan yi wa mutum ya sa da dare. Mafi yawan masu ciwon sukan sami sauƙi da wannan. In ya faskara, waɗansu likitoci kan yi allurar da aka fi sani da Botox. Ana samo ta ne daga dafin wata ƙwayar cuta, a tace shi, a zuba ɗan kaɗan cikin tsokar tauna ta kunci da ta gefen kai, sai tsokar ta saki. Aikinta yakan fara bayan 'yan kwanaki, ya gushe bayan wata 3 zuwa 4. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1989 don waɗansu cututtukan ido, sa'an nan a 2002 don shafe tamojin goshi. Game da muƙamuƙi kuwa, binciken masana ya saɓa, waɗansu sun ga amfani, waɗansu ba su gani ba. Tana kuma iya raunana tauna ko ta karkatar da murmushi na ɗan lokaci.

To, mene ne hukuncinta a shari'a?

Na farko, neman magani halal ne. Imam Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira hadisin da ke nuna cewa kowace cuta Allah ya saukar da maganinta. Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ƙasar Kaoje da Bagudo ke cikin masarautarsa, ya haɗa maslahar addini da ta jiki a littafinsa Masalihul Insan. Wanda ciwo ya hana shi ci ko karatun Alƙur'ani bai fita daga tawakkali ba don ya je asibiti.

Na biyu, a rarrabe magani da ƙawa. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙin Kulab zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Annabi (S.A.W.) ya umurce shi ya sa na zinariya, alhali zinariya haram ce ga maza. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito. Daga nan malamai suka fahimci cewa gusar da cuta ko aibi ya halatta. Amma wanda ya yi allurar don kawai ya sirantar da fuska ko ya ɓoye tsufa, ana ji masa tsoron shiga canja halittar Allah. A kan wannan bambanci majalisar fatawa ta Malesiya ta tafi a 2006, ta hana allurar don kwalliya, ta bar ƙofa ga mai larurar magani.

Na uku, kasancewarta daga dafi ba ya haramta ta, domin abin lura shi ne cutarwa, kuma gwargwadon da ƙwararre ke amfani da shi kaɗan ne ƙwarai.

Na huɗu, azumi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta tabbatar cewa allurar tsoka da ta fata ba sa karya azumi, sai wadda ke tsayawa a madadin abinci. Duk da haka wanda ya jinkirta zuwa bayan buɗa baki ya fita daga saɓani.

Na biyar, kuma shi ne mafi muhimmanci ga mutanen Kaoje da Tsamiya da Lolo da sauran garuruwan bakin iyakar Jamhuriyar Binin: wa zai yi allurar? Jama'a da yawa suna ganin allura ta fi ƙwaya ƙarfi, ga kuma masu yawo da magani kasuwa kasuwa ba tare da ilmi ba. Wannan allura tana bukatar ajiya cikin sanyi, a firji, kuma in an zarce ƙima tana iya hana haɗiya da numfashi. Ko a Amurka an sami mutanen da jabunta ya kai asibiti a 2024. Hadisin Abu Dawuda da Ibn Majah ya nuna cewa wanda ya yi aikin likita ba shi da saninsa, lamunin ɓarnar da ya yi yana wuyansa. Saboda haka mai ciwo ya fara da asibiti mafi kusa, in an ga bukata a tura shi sashen haƙori a Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ya kuma duba lambar NAFDAC a kan duk maganin da zai saya.

A ƙarshe, manomi ko makiyayi da ƙusa ko ƙaya ta soke shi, ko ya yanke da fartanya, kwanaki kaɗan bayan haka ya ga haƙoransa sun sarƙe, wuyansa ya sandare, to wannan alamar tetanus ce, cuta mai kisa. Haka jaririn da ya daina kama nono bayan yankan cibi. Wajibi ne a kan iyalinsu su garzaya da su asibiti a wannan rana, domin kiyaye rai yana cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare.

Allah ne Mafi sani. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, amin.