Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Tsara Amsoshin da Ba Adadi Ba Ne?

TAMBAYA

Ni ɗaliba ce a shekarar farko a wata kwalejin koyon aikin lafiya. An tura mu unguwa mu tambayi gidaje inda suke samun ruwan sha. Na zaga gida 80, na ba kowace amsa lamba: famfo 1, rijiya 2, rijiyar burtsatse 3, 'yan ga-ruwa 4, rafi 5. Da na gama sai na tara lambobin na raba da 80 don in fitar da matsakaici. Malaminmu ya soke da jan biro, ya ce in sake. Don Allah ina kuskuren yake? Kuma yaya ake tsara irin wannan bayani a nuna shi a zane?

Daga wata ɗaliba a Gusau

AMSA

Mai yiwuwa tarawarki da rabawarki duk daidai suke. Abin da ya jawo jan biro shi ne an yi lissafin a inda ba muhallinsa ba.

Bayanan da mai ƙididdiga ke tattarawa iri biyu ne. Akwai waɗanda amsarsu adadi ce ta gaske: nauyin jariri, shekarun mutum, kuɗin jarkar ruwa. Su waɗannan ana tara su, ana raba su, ana fitar musu da matsakaici. Akwai kuma waɗanda amsarsu suna ce: sana'a, jihar haihuwa, rukunin jini, jam'iyyar da mutum ya zaɓa, inda gida ke ɗebo ruwa. A nan kowace amsa rukuninta ake kai ta, sannan a ƙirga nawa suka taru a kowane rukuni. Lambobin da kika ba amsoshinki alamu ne kawai na sauƙaƙa rubutu, kamar lambar bayan rigar ɗan ƙwallo: mai lamba 10 bai ninka mai lamba 5 a komai ba.

Tunda ba ki aiko da alƙalumanki ba, bari mu ƙaddara wasu. A ce cikin gida 80, famfo ya samu 10, rijiya 28, burtsatse 24, 'yan ga-ruwa 16, rafi 2. Da lambobin da kika raba, matsakaici zai fito 2.65. To mene ne 2.65? Babu gidan da ke shan ruwan da ke tsakanin rijiya da burtsatse. Yanzu ki musanya lamba biyu kawai, ki ba rafi 1, famfo 5. Gidajen suna nan yadda suke, ruwansu bai canza ba, amma matsakaici ya koma 3.05. Duk sakamakon da ke sauyawa don kin sauya wa rukuni alama, ba ya faɗin komai game da unguwar.

Mataki na farko: a ƙirga

Ki jera rukunan a gefen hagu na takarda. Ki bi takardun amsa ɗaya bayan ɗaya, kowace ki ja mata ɗan layi a gaban rukuninta, na biyar ki gitta shi a kan huɗun da suka gabata don ƙirga ya yi sauƙi. Daga nan sai jadawali mai layi uku: rukuni, yawan gidaje, da kashi cikin ɗari. Ana samun kashi ne idan aka raba yawan rukuni da jimilla, aka ninka da 100. A misalinmu:

Rijiya: gida 28, kashi 35
Rijiyar burtsatse: gida 24, kashi 30
'Yan ga-ruwa: gida 16, kashi 20
Famfo: gida 10, kashi 12.5
Rafi: gida 2, kashi 2.5
Jimilla: gida 80, kashi 100

Ki lura na jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Rukunan da babu wanda ya fi wani daraja a cikinsu, wannan jerin ya fi dacewa da su, domin da kallo ɗaya mai karatu zai ga abin da ya rinjaya. Wannan rukuni mafi yawa, wato rijiya a nan, shi ne ke tsayawa a gurbin matsakaicin da kika nema. Amma akwai rukunai masu hawa-hawa, irin su matakin karatu (firamare, sakandare, gaba da sakandare) ko tsananin ciwo (kaɗan, matsakaici, mai tsanani). Su a bar su a jerinsu na asali, ko da na tsakiya ne ya fi yawa.

Abu biyu ke ɓata jadawali tun daga tushe. Na ɗaya, gida ya faɗa rukuni biyu, ko ya rasa rukunin da zai faɗa. Gidan da ke shan rijiya da damina, ya koma sayen ruwa da bazara, ina za ki saka shi? Shi ya sa ake gyara tambayar tun kafin a fita: "A ina kuka fi samun ruwan sha?" Na biyu, a ɓoye waɗanda ba su amsa ba. Idan gida 5 sun ƙi magana, ki ba su nasu layin, ko ki rubuta a fili cewa lissafinki kan gida 75 ne.

Sanduna ko da'ira?

Zane biyu aka fi amfani da su, kuma dukansu ana danganta su ga mutum ɗaya, William Playfair, ɗan ƙasar Sikotlan. A littafinsa na 1786 yana zana yadda cinikin Ingila da wasu ƙasashe ke hawa da sauka shekara bayan shekara. Da ya zo kan Sikotlan sai ya tarar alƙaluman shekara ɗaya kawai yake da su, babu abin da zai ja wa layi. Sai ya ba kowace ƙasa da Sikotlan ke ciniki da ita sanduna, tsawonsu gwargwadon kayan da suka shiga da waɗanda suka fita. A 1801 kuma ya zana da'ira ya yanka ta uku don nuna yadda faɗin daular Turkawa ya rabu tsakanin Asiya da Turai da Afirka.

A zanen sanduna, kowane rukuni yana da sanda ɗaya. Faɗin sandunan ya zama ɗaya, tsawo ne kaɗai ke bambanta. A bar tazara tsakaninsu, domin rijiya ba ta zarcewa ta zama burtsatse yadda shekara 19 ke zarcewa ta zama 20. Ma'aunin tsawon kuma dole ya fara daga sifili. Idan kika fara daga 20, sandar rijiya za ta tashi da 8, ta burtsatse da 4, ido ya ga kamar ninki biyu ne, alhali 28 ne da 24. Idan sunayen rukunan dogaye ne, a kwantar da sandunan, sunan ya samu wurin zama a gefe.

Zanen da'ira kuwa amfaninsa nuna rabon kowa daga cikin abu guda. Da'ira digiri 360 ce, saboda haka kowane kashi ɗaya cikin ɗari yana cin digiri 3.6. Rijiya za ta ci 126, burtsatse 108, 'yan ga-ruwa 72, famfo 45, rafi 9. Sharaɗinsa shi ne yankunan su haɗu su cika ɗari daidai. Idan kin bar gida ya zaɓi amsa fiye da ɗaya, jimillar za ta zarce ɗari, da'ira ta fita daga lissafi, sai sanduna.

Dubi sakamakon zaɓen shugaban ƙasar Nijeriya na 2023 kamar yadda hukumar INEC ta bayyana. Bola Tinubu ya samu ƙuri'a 8,794,726, Atiku Abubakar 6,984,520, Peter Obi 6,101,533, Rabiu Musa Kwankwaso 1,496,687. Wato kusan kashi 36.6, da 29.1, da 25.4, da 6.2 na sahihan ƙuri'u. 'Yan takara 18 ne suka tsaya. Wanda ya yanka da'ira gida 18 zai samu 14 daga ciki sirara, ba ma wurin rubuta suna, domin dukansu ba su kai kashi 3 ba. Dabarar ita ce a haɗa su a yanki ɗaya a kira shi "saura". Ko da an yi haka, bambancin 29.1 da 25.4 ba ya fitowa sosai a da'ira, domin ido ya fi iya gwada tsawo da tsawo a kan gwada kusurwa da kusurwa. Idan abin da kike son nunawa shi ne wa ya fi wa, sanduna sun fi. Da'irar da kwamfuta ke karkatarwa ta yi mata kauri kuwa, ki guje ta, tana kumbura yankin da ke gaba.

Idan tambaya biyu suka haɗu

Nan ne aikin ke daɗi, nan ne kuma aka fi zamewa. Ana yin jadawali mai shiga biyu: rukunan tambaya ɗaya a jere daga sama zuwa ƙasa, na ɗayar daga hagu zuwa dama, kowane gurbi a rubuta yawan waɗanda suka haɗa biyun.

Misalin da malaman ƙididdiga suka daɗe suna koyarwa da shi shi ne na jirgin ruwan Titanic, wanda ya nutse a tekun Atlantika ranar 15 ga Afrilu, 1912, a hanyarsa daga Ingila zuwa Amurka. Bisa rahoton binciken da hukumomin Birtaniya suka yi, mutum 2,201 ne a ciki, 711 suka tsira. A cikin waɗanda suka tsira, 212 ma'aikatan jirgin ne, 203 fasinjojin aji na ɗaya, 178 na aji na uku, 118 na aji na biyu. Wanda ya tsaya nan zai ce ma'aikata ne suka fi kowa sa'a.

Sai a tambaya: 212 daga cikin nawa? Ma'aikatan su 885 ne, kenan kashi 24 ne suka tsira. Fasinjojin aji na ɗaya 325 ne, 203 daga ciki kashi 62 ke nan. Aji na biyu 118 cikin 285, kashi 41. Aji na uku 178 cikin 706, kashi 25. Alƙaluman ba su canza ba, abin da aka raba da shi ne ya canza. "Kashi nawa na waɗanda suka tsira ma'aikata ne?" tambaya ce daban, amsarta kusan 30. "Kashi nawa na ma'aikata suka tsira?" wata ce daban, amsarta 24. Kafin ki rubuta kowane kashi, ki faɗa wa kanki da baki: nawa cikin nawa?

Haka za ki yi idan kin raba gidajenki gida biyu, a ce na cikin gari da na bayan gari. Idan yawansu ba ɗaya ba ne, ki fitar da kashin kowane ɓangare daga jimillarsa, sannan ki jera sandunan biyu-biyu kafaɗa da kafaɗa. Ki kuma yi hattara da ƙaramin rukuni. Masu shan rafi gida 2 ne kacal. Idan ɗaya ya ce yana tafasa ruwa, "kashi 50" zai ruɗi mai karatu. Ki rubuta "gida 1 cikin 2".

Kafin ki miƙa

Ki duba ko yawan ya haɗu ya ba da 80, kashi ya ba da 100. Idan ya fito 99.9 ko 100.1 saboda taƙaita lambobi, ba laifi ba ne, ki ambata a ƙasa. Ki sa wa zanen take mai faɗin abin da aka tambaya, da wuri, da watan da aka yi aikin, domin amsar tambayar ruwa a Agusta ba ita ce ta Afrilu ba. Ki rubuta jimillar gidajen a jikinsa. A ƙarshe ki ƙara jimla ɗaya ko biyu da ke faɗin abin da zanen ya nuna, misali cewa kusan gida biyu cikin uku sun dogara ne da rijiya ko burtsatse, kuma gida ɗaya cikin biyar saya yake yi. Irin wannan jimlar ce jami'in lafiya na ƙaramar hukuma zai iya aiki da ita.

Allah ya ba da sa'a.