Darasi na 14: Mai Kiɗa Da Kunnensa

Da magariba a Kolofata, in ka yi shiru za ka ji abubuwa da yawa. Gyare yana kuka a gindin katanga. Iska tana kaɗa karan dawa. Da damina kwaɗi suna amsa wa juna a bakin tafki. Yara, kun san akwai makaɗan da ke yin kiɗa da irin waɗannan sautuka?

Wani makaɗi ɗan Ingila mai suna Brian Eno ya taɓa zuwa ƙasar Gana da rakoda. Da yamma sai ya zauna a waje, ya sa na'urar sauraro a kunne. Yana jin ƙwari a kusa, yana jin wasu sautuka daga nesa. Sai ya lura duk sun haɗu kamar kiɗa guda. A shekarar 1982 ya fitar da faifai mai suna On Land. Kiɗan ba na rawa ba ne. A hankali yake tafiya, mai sauraro ya ji kamar yana zaune a daji.

A ƙasarmu Kamaru ma an yi Francis Bebey. An haife shi a Duwala a 1929, ya rasu a Paris a 2001. Yakan busa wata 'yar sarewa ta mafarautan kurmi, mai sauti ɗaya tak. Sai ya hura, ya sa muryarsa, ya sake hurawa. Ya kuma haɗa ta da kayan kiɗa na lantarki.

Yaya mai kiɗa yake aiki? Da farko yana saurare. Daga nan ya zaɓi sautin da ya taɓa masa zuciya. Sai ya yi ta maimaita shi har ya zauna. A ƙarshe ya haɗa shi da wasu, ya bar wurin yin shiru a tsakani.

Amma in aka sare itatuwa, tsuntsaye sai su ƙaura, kukansu ya tafi tare da su.

Tambayoyi
1. Me Brian Eno ya ji a Gana?
2. Sauti nawa sarewar Bebey take da shi?
3. Da me mai kiɗa yake fara aiki?

Aiki
Yau da magariba ka saurara na minti 5. Rubuta sautuka 4 da ka ji. Gobe ka kwaikwayi ɗaya a aji.