Darasi: Yadda Masu Saye Za Su San Da Kayanmu

'Yan'uwa manoma, kasuwar Charanci tana ci ne ran Lahadi, lokacin da muke sujada. Saboda haka da yawanmu a Kusada mukan sayar da wake ga duk wanda ya fara sallama a ƙofar gida, a kan kuɗin da ya yanka.

Aikin kashi biyu ne. Na fari rajista, sau ɗaya ake yinta. Magatakarda ya kai sunan ƙungiyarmu ta gama kai da lambar waya ga malamin gona, da dillalan hatsi na Kankiya da na Dawanau a Kano. Wani saurayi ya sa ɗakin ajiyarmu a taswirar Google Maps. Kyauta ne, kada a biya kowa.

Na biyu sanarwa, ita muka fi yi wa sakaci. Duk ran da aka auna sabon kaya a aika musu saƙo: wane iri ne, buhu nawa, tiya nawa a buhu, na bana ne ko na bara. In babu sabon abu a yi shiru, gama dillalin da ake damunsa kullum yakan daina ɗaukar waya. In kaya ya ƙare kuwa a gaya masa, kada ya ɗauko mota a banza.