Darasi: Yadda gari zai tada masaƙarsa

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, darasinmu na wannan karo kan saƙa ne. Wani zai ce, mi ya haɗa malamin gona da masaƙi? Gona ce ta haɗa mu. Zare daga kaɗa yake fitowa, kaɗa kuwa shuka ta ake yi.

A garuruwan Dallol Mawri, daga Matankari har Geceme, can da mace ba ta zama hannu sake da rani. Ta gurza kaɗa, ta shiɓe ta, ta kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya yi wadari, ya zauna gindin icce da ƙoshiyarsa. Da wannan aka yi gwadon amarya da majanyin goyo da likkafani. Sai atamfa da gwanjo suka zo da araha, aikin ya ja baya. Masaƙan da suka rage galibi tsofaffi ne. Ranar da aka rufe na ƙarshe, babu takardar da za ta koya wa yaro ɗaurin allera.

Mu duba maƙwabta. A Burkina Faso, zamanin Thomas Sankara, daga 1983 zuwa 1987, an sa ma'aikatan gwamnati su riƙa sa tufafin saƙar gida da ake kira Faso Dan Fani. A 2023 kuma aka yanke a riƙa ɗinka wa ƴan makaranta kaya da shi. Ba masaƙa aka fara rabawa ba, mai saye aka fara samowa. Gari ma yana iya yin haka daidai ƙarfinsa. In maigari da liman da iyayen mata suka shirya cewa kowace amarya za ta shiga ɗaki da gwado ɗaya na saƙar garin, masaƙi ya san yawan aikin da ke jiransa tun kafin kaka. Ni a ganina wannan ya fi zaman jiran porje.

Yanzu ga lissafi, ku rubuta shi. Kilo 3 na kaɗa mai gurya yana ba da kusan kilo 1 na gurzajjiya. Guryar ba ta ɓacewa: iri ce, kuma abincin bisashe ce. In faɗin ƙwaryar saƙa santimeta 10 ne, zane mai faɗin meta 1 da tsawon meta 2 yana cin ƙwarya 10, wato saƙar meta 20. Masaƙi bai daɗewa kan wannan. Kaɗi ne ke cin lokaci, mace ɗaya ba ta iya ciyar da masaƙa ɗaya. Don haka a shekarar farko babu laifi a sayi zaren kasuwa a yi wadari da shi, a cika da abawar gida. Masu cewa wannan ba saƙar kakanni ba ce su yi haƙuri. Masaƙar da ta tsaya jiran zare, yaron da ke koyo zai gudu cin rani.

Kuɗin zaren fa? Mata sun riga mu sanin hanya. Asusun Mata Masu Dubara, wanda aka soma a ƙasar Maraɗi a 1991, yana ba da rance daga zubin mako. A ranta don zare, a biya ranar da aka sayar a kasuwar Geceme ko ta Fadama. Wadda ta iya karatu ita ce za ta riƙe littafi: zare nawa ya shiga, ƙwarya nawa ta fita, ladan makoyi nawa. Kada a hana yaro ladansa.

Gonar kaɗa kuwa, a yi ta gayya, ƙarama, a gefen fadama inda ƙasa ke riƙe damshi amma ruwa bai kwanciya. Kada a taɓa gonar hatsi. A zuba takin gida, a shuka da zarar damina ta zauna, a tsinka bayan wata 5 ko 6. In an gama, a tumɓuke karan a ƙone, don tsutsa kada ta yi rani ciki ta jira baɗi.

A taronku na wannan mako ku ƙidaya masaƙan garinku da matan da suka iya kaɗi, da bukukuwan aure nawa aka yi bara. Ku rubuto mana amsa.